Yaron da Ya Dawo Daga Hannun Masu Garkuwa: Shin Wasa Zai Iya Warkar da Shi?

Ranar 15 ga Yulin 1976, wasu mutum uku ɗauke da bindigogi suka tare motar ɗaukar 'yan makaranta a wani ƙaramin gari mai suna Chowchilla, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Suka kwashe yara 26, 'yan shekara biyar zuwa 14, tare da direbansu, suka kai su wani wurin fasa dutse, suka zura su cikin bodin wata babbar mota da suka riga suka binne a ƙasa. Bayan kimanin sa'o'i 16 a cikin ramin, direban da manyan yaran suka tona hanya, kowa ya fito da ransa. Likitoci suka duba su, ba su ga wani mugun rauni ba. Gari ya yi murna, aka ɗauka magana ta ƙare.

Wata biyar bayan haka, wata likitar ƙwaƙwalwar yara mai suna Lenore Terr ta isa garin, ta fara zama da yaran da iyayensu. Ta sake bibiyarsu bayan shekara huɗu. A duka zagayen biyu, duk yaron da ta bincika ta same shi da tabon abin da ya faru: firgita cikin barci, tsoron duhu da baƙin fuska, da yanke ƙauna daga yin tsawon rai. Abin da ya fi jan hankalinta shi ne irin wasan da suke yi. Wasu suna ta maimaita wasan mota da tafiya, yau da gobe, ba dariya, ba sabon salo, kuma ba sa samun sauƙi idan sun gama. Har ƙannensu da abokansu da ba a sace ba sukan koyi wasan su ci gaba da shi. Daga aikinta ne masana suka fahimci cewa yaro na iya faɗin abin da ke cinsa da hannunsa alhali bakinsa a rufe yake. Sun kuma fahimci cewa wasa shi kaɗai, ba tare da wani babba da ya gane abin da ake faɗa ba, yana iya zama zagaye a wuri ɗaya.

Duk wanda ke bin labaran Najeriya tun daga 2014 ya san inda wannan labari ya dosa. Chibok, Dapchi, Ƙanƙara, Jangebe. A Tegina ta jihar Neja, a watan Mayun 2021, an kwashe yara fiye da ɗari daga makarantar Islamiyya, cikinsu har da waɗanda ba su wuce shekara biyar ba, kuma sai da suka yi kusan wata uku a daji. A Kuriga ta jihar Kaduna, yara 137 ne suka dawo a watan Maris na 2024. Kowace dawowa tana da tsarinta da aka saba gani: sababbin tufafi, gwajin asibiti, hoto a gidan gwamnati, sannan a miƙa yara ga iyayensu. Abin da ke biyo baya a cikin gida, a daren farko da wata na shida, ba ya shiga labaran ƙarfe tara.

A nan ne takardun neman kuɗi ke shigowa. Ma'aikatun lafiya, ilimi, mata da jin ƙai suna karɓar shawarwari masu ɗauke da kalmomin "tallafin tunani" da "jinya ta hanyar wasa", kuma wani jami'i ne ko mai taimaka wa minista zai rubuta ra'ayinsa a gefen takarda kafin ta wuce. Yana da kyau mai riƙe da alƙalamin ya san abin da ake nufi da wannan jinya, da iyakar abin da aka tabbatar game da ita.

Abin da ke faruwa a cikin ɗakin

Asalin tunanin ya kai shekara ɗari. Melanie Klein da Anna Freud, tun a shekarun 1920, sun lura cewa ƙaramin yaro ba zai kishingiɗa ya zayyana damuwarsa kamar babba ba, don haka suka koma kallon abin da yake yi da kayan wasa. A Landan, Margaret Lowenfeld ta ajiye wa yara faranti mai yashi da ƙananan mutum-mutumi don su gina duniyarsu a ciki. Amma salon da ya fi yaɗuwa a yau na Virginia Axline ne, Ba'amurkiyar da ta fitar da littafinta a kan wannan fanni a 1947. Ra'ayinta shi ne yaro ya ja gaba, babba ya bi.

A aikace, yaro mai shekara uku zuwa 12 yana zuwa ɗaki ɗaya, a rana ɗaya, a lokaci ɗaya kowane mako, ya yi minti 30 zuwa 50 tare da mutum ɗaya. Kayan ɗakin zaɓaɓɓu ne: 'yan tsana da tukwane da motoci na kwaikwayon rayuwar gida, sojojin roba da bindigar wasa da abin duka na fitar da fushi, sai yashi da laka da fenti. Mai jinyar ba ta yi masa tambayoyi, ba ta yaba masa, ba ta gyara masa. Tana faɗin abin da take gani ne, tana kuma kiran abin da yake ji da sunansa. Idan yaro ya tura ƙaramar 'yar tsana ƙarƙashin kwano ya danne, tana iya cewa, "Ka ɓoye ta sosai. Tana jin tsoro a ciki." Idan ya ɗaga sanda zai kai mata duka, ba tsawa, ba kuma ƙyalewa: "Ka ji haushina ƙwarai. Ni ba abin duka ba ce. Ga wancan buhun, shi za ka iya duka."

Mai kallo daga taga zai ce ba a yin komai, kuma iyaye da yawa haka suke cewa a makonnin farko. Amma abu biyu ne ake nema. Na farko, yaron da aka ɗaure, aka kora, aka hana magana, ya sami wuri guda da shi ke da iko a kan yadda labari zai tafi. Na biyu, wasan ya motsa. Idan a mako na uku 'yar tsana tana ƙarƙashin kwano, a mako na goma kuma wani ya zo ya buɗe mata, ko ita da kanta ta sami hanyar fita, mai jinya ta ga alamar da take jira. Idan wata uku suka wuce wasan yana nan yadda yake, yaron kuma yana fita a hargitse, to irin wasan da Terr ta bayyana ne, kuma lokaci ya yi da za a canza hanya.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken da masu wannan fanni suka fi kafa hujja da shi ya fito a 2005. Sue Bratton da abokan aikinta na Jami'ar Arewacin Texas sun tattara sakamakon nazari 93 da aka yi tsakanin 1953 da 2000, suka auna ƙarfin tasirin jinyar ya kai 0.80. Ma'anar wannan lamba ita ce, idan aka ɗauki matsakaicin yaro cikin waɗanda aka yi wa jinyar, zai fi kimanin 79 cikin yara 100 da ba a yi musu ba samun sauƙi. Wannan babban sakamako ne. Sai dai shekara goma bayan haka, a 2015, Bratton ɗin da wani abokin aikinta suka sake lissafi da tsauraran ƙa'idoji a kan nazari 52, lambar ta sauko zuwa 0.47, wato kimanin 68 cikin 100. Tasiri ne na gaske, amma matsakaici.

Akwai dalilin yin taka-tsantsan ko da wannan lambar. Da yawa daga cikin nazarce-nazarcen ƙanana ne, na yara 'yan ƙalilan, kuma galibinsu a Amurka aka yi su. An fi kwatanta yaran da aka yi wa jinya da waɗanda ke jerin jira ba a yi musu komai ba, alhali kusan kowace irin kulawa ta mako-mako daga babba mai haƙuri za ta fi babu. Sau da yawa kuma iyayen da suka san ana jinyar 'ya'yansu su ne ke cike takardar auna sauƙi. Matsalolin da aka fi gwadawa su ne na yau da kullum, irin su rigima a aji, fargaba, ƙarancin yarda da kai da tsamin dangantaka tsakanin yaro da iyaye. A waɗannan, hujjar tana da ƙwari daidai gwargwado.

Inda gizo ke saƙa shi ne mummunar firgita, irin ta yaron da ya ga kisa ko ya kwana a hannun 'yan bindiga. A 2005, hukumar NICE, wadda ke tantance magunguna da hanyoyin jinya ga asibitocin gwamnatin Ingila, ta ce a sanar da iyaye cewa babu gamsasshiyar hujjar da ta nuna jinya ta hanyar wasa tana warkar da wannan ciwo. Abin da ta ba da shawara, kuma ta sake jaddadawa a 2018, shi ne wata jinya mai tsari wadda ke tunkarar abin da ya faru kai tsaye. A cikinta ana koya wa yaro dabarun kwantar da jiki, sannan a hankali a taimaka masa ya tsara labarin abin da ya same shi, a gyara tunanin da ya karkace, kamar ɗora wa kansa laifi, tare da sa hannun mai kula da shi. An gwada wannan a Afirka, kuma ta yi aiki: a gabashin Kwango a kan 'yan mata da aka ci zarafinsu da samarin da aka sa yaƙi, sannan a Lusaka ta Zambiya a kan yara 257, inda masu ba da jinyar ba likitoci ba ne, mutanen gari ne da aka horar aka kuma sa musu ido. Abin lura, ita ma wannan hanyar tana amfani da zane da 'yan tsana idan yaron ƙarami ne. Bambancin shi ne akwai inda aka nufa.

Nazarin da ya fi kamata jami'in Abuja ya sani an yi shi a arewacin Yuganda a 2005, a sansanonin 'yan gudun hijira biyu kusa da Gulu, lokacin yaƙin 'yan tawayen LRA masu satar yara. Paul Bolton da abokan aikinsa sun raba matasa 314, 'yan shekara 14 zuwa 17, gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ya yi zaman tattaunawa na rukuni mai tsari, kashi na biyu ya yi wasanni da waƙa da wasan kwaikwayo, na uku ya jira. An yi mako 16. Sakamakon da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2007 ya nuna zaman tattaunawar ya rage ciwon baƙin ciki, musamman ga 'yan mata. Shirin wasannin bai rage shi ba.

Wannan ba hukunci ba ne a kan hanyar Axline, domin matasan sun wuce shekarunta, kuma abin da aka yi musu wasan taro ne. Amma shi ne ya fi kama da abin da ake yawan gani a sansanoni, daga Maiduguri har zuwa Durumi da Wassa a nan birnin tarayya: rumfa, tabarmi, ƙwallo, ganga da yara sittin a gaban mai sa kai guda. Wuraren nan suna da amfaninsu. Suna ba yara tsari na yini, suna kare su daga yawo, suna ba uwa sararin neman abinci, kuma bincike ya nuna suna ɗan inganta walwalar ƙananan yara. Kuskuren shi ne a rubuta su a rahoto da sunan jinya, a ƙirga kawunan da suka halarta a ce an warkar da su.

Wanda ya fi dacewa ya zauna a ƙasa

Akwai wani sakamako a cikin binciken 2005 da bai kamata ya wuce mai tsara kasafi ba. Inda ƙwararru suka yi jinyar da kansu, ƙarfin tasirin ya tsaya a 0.72. Inda aka horar da iyaye su yi wa 'ya'yansu, ya kai 1.15. Ko da an rage wani abu saboda iyaye ne ke auna aikin kansu, tazarar tana da faɗi. Bernard da Louise Guerney ne suka fara wannan salo a shekarun 1960, daga baya Garry Landreth ya taƙaita shi zuwa zama goma. Iyaye suna haɗuwa a ƙaramin rukuni sau ɗaya a mako, su koyi bin yaro da kiran abin da yake ji da sa iyaka ba tare da duka ba, sannan kowa ya koma gida ya ware minti 30 a mako na wasa da yaro guda, ya dawo a tattauna yadda aka yi.

Wannan ya dace da abin da Anna Freud da Dorothy Burlingham suka gani a gidajen renon da suka buɗe a Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yaran suna wasan ruwan bama-bamai da tubala, amma rabuwa da uwa ta fi girgiza su a kan bam ɗin, kuma natsuwar uwa ko firgicinta shi ne yaro ke ɗauka.

Hujja mafi tsawon zango daga Jamaika take, ko da yake ba jinyar ƙwaƙwalwa aka yi niyya ba. A 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 a unguwannin talakawan Kingston, 'yan wata tara zuwa 24, waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasu an ba su madara. Wasu kuma ƙananan ma'aikatan lafiya suna ziyartar gidajensu sa'a ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da jariransu da kayan da aka haɗa daga robobi da tsummoki. Amfanin madarar ya dushe da tafiyar shekaru. Na wasan bai dushe ba. Bayan shekara 20, kamar yadda mujallar Science ta buga a 2014, abin da waɗancan yara ke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da kimanin kashi 25 cikin 100, kuma bibiyar da aka yi musu ta nuna sun fi ƙarancin baƙin ciki da shiga faɗa. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wasa da tausayawa a matsayin mataki na tara cikin matakai goma na jinyar yaro mai tsananin tamowa, matakin da ya fi sauƙin faɗuwa idan ɗakin jinya ya cika.

Ga ƙasa irin Najeriya, wannan lissafi ne na dole. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha nanata cewa mambobinta da ke aiki a gida ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka ƙware a kan yara. Cibiyar nazarin lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa ta Jami'ar Ibadan, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafawa, tana yaye ƙwararru, asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri suna nasu ƙoƙari, Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta kai masu ba da shawara har cikin unguwannin Borno. Duk da haka, babu ranar da ƙwararre guda zai zauna da kowane yaron Kuriga sau 35 ko 40, adadin zaman da binciken Bratton ya nuna tasiri ke kai ƙololuwa. Uwa da kaka suna nan kullum.

Sai dai ba za a ɗauko tsarin Texas a dasa a Birnin Gwari yadda yake ba. A gidan Bahaushe, kunyar ɗan fari na iya hana uwa kiran sunan ɗanta, balle ta zauna a ƙasa tana dafa tuwon ƙasa da shi, uba kuwa ba a saba ganinsa da 'yar tsana a hannu ba. Amma al'adar da ta sa wannan shinge ita ce ta buɗe wata ƙofa: wasan jika da kaka, da sakewar yaro a gaban goggo ko yayarsa. Mai hankali zai tambayi wa yaron ke sakewa da shi kafin ya yanke wanda za a horar. Kayan ma ba sai an shigo da su ba. 'Yar tsanar kara, motar gwangwani, laka da ƙananan tukwane sun isa. Bindigar wasa kuwa, wadda ɗakunan jinya na Amurka ke ajiyewa, abu ne da sai an yi shawara da iyaye a garin da aka binne mutane bara. Ga masu ganin abin baƙo ne, malamai sun san ruwayar Nana A'isha da 'yan tsananta, da yadda Manzon Allah (SAW) ya tsaya ya tambayi ƙaramin yaro Abu Umair labarin tsuntsunsa da yake wasa da shi.

Akwai kuma abin da horon zai fara gyarawa tun kafin a taɓa kayan wasa. Yaron da ya dawo ya koma fitsarin kwance, ko ya daina magana, ko ya riƙa dukan ƙannensa, sau da yawa ana fassara halinsa da taurin kai ko shafar iska, a amsa masa da bulala. Uwar da aka gaya mata cewa waɗannan sanannun alamomi ne, kuma yawanci suna raguwa, ta riga ta sami rabin abin da take buƙata. Tana kuma buƙatar sanin lokacin da abin ya fi ƙarfin gida: idan alamomin sun wuce wata guda ba sauƙi, ko yaro ya ƙi abinci, ko ya fara maganar mutuwa ko cutar da kansa, asibiti ne wurinsa.

Doka ba ta rasa ba. Sashe na 12 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ba yaro haƙƙin hutu da wasa. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kuɗi, ta kuma nemi a shigar da wannan kulawa cikin ƙananan asibitoci. Abin da ya rage shi ne yadda za a kashe kuɗin, kuma tsarin sayen kaya na gwamnati ya fi son abin da ake iya ƙirgawa a ɗauki hotonsa. Kwali dubu na kayan wasa yana da rasit da ranar ƙaddamarwa. Albashin mai sa ido da zai saurari ma'aikaciyar lafiya kowane mako biyu, ya gyara mata kuskure, ba shi da ko ɗaya, alhali duk gwajin da ya yi nasara a Lusaka da Kingston a kan wannan sa idon ya tsaya.

Don haka idan takarda ta iso tebur da sunan jinya ta hanyar wasa, tambayoyin da za su bambance ta ba su da wuya. Shekarun yaran nawa, kuma wace damuwa ake son ragewa? Sau nawa kowane yaro zai zauna, kuma da mutum ɗaya ne ko duk wanda ya samu? Wa ya horar da ma'aikatan, na tsawon wane lokaci, kuma wa zai ci gaba da duba aikinsu? Ina iyaye a cikin shirin? Ina za a tura yaron da bai samu sauƙi ba? Sai ma'auni. Akwai gajeriyar takarda mai tambaya 25 da ake kira SDQ, wadda likitan ƙwaƙwalwar yara Robert Goodman ya tsara a Ingila a 1997, aka kuma fassara ta zuwa harsuna da dama. Uwa ko malamin aji na iya cike ta cikin 'yan mintoci. Shirin da zai cike ta kafin a fara, ya sake bayan an gama, ya kuma koma bayan wata shida, zai iya gaya wa ma'aikata yara nawa ne suka samu sauƙi da nawa ne ke buƙatar a tura su Barnawa ko Kware.